Littafin Lissafin Yasna

A gidanmu ni ne mai yi wa littattafai riga. Duk watan Maris, idan makarantu suka koma, nakan baje takardu masu launi da almakashi a kan teburin cin abinci in yi ta naɗi: ja na harshe, kore na kimiyya, shuɗi na lissafi. Haka aka yi mana muna yara, haka ake yi wa 'yarmu Trini da ke aji biyu, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba. Karatuna a aji takwas ya tsaya, amma a duk garinmu Coquimbo ba na jin akwai uban da ya fi ni iya lanƙwasa kusurwar bango.

Bana matata Yasna ma ɗaliba ce. Tana da shekara talatin da shida ta koma makarantar manya, irin wadda ake haɗe aji biyu a shekara ɗaya. Ƙarfe shida na safe take kama aiki a kamfanin ɓare jatan lande da ke bakin teku, ta tashi ɗaya da rabi, ta ci burodi da piya a cikin bas, ta shiga aji biyu da rabi. Da yamma ta dawo ta tarar da Trini da aikin gida, Gaspar kuma, ɗanmu mai shekara uku, yana jira ya ɗare cinyarta. Shekara goma sha ɗaya tana tsaye a gaban teburin ƙanƙara, yatsunta duk sun tsattsage. An ce mata akwai gurbi a ɗakin duba ingancin kaya, inda ake aiki a zaune, amma sai mai takardar kammala sakandare.

Sauran darussan ba su dame ta ba. Lissafi ne ya tsaya mata a maƙogwaro. Da sanyi ya shigo Gaspar ya yi ciwon ƙirji, ta yi mako biyu ba ta je aji ba, ta kwaso maki biyu ja, wato na faɗuwa. Malaminsu, Profe Arancibia, ya ce saura dama ɗaya: ranar Alhamis ƙarfe uku kowa ya ajiye masa littafinsa a kan tebur, da aikin zangon gaba ɗaya a ciki. Wanda bai kawo littafi ba kada ya kawo masa labari. Ita Yasna sai ta samu aƙalla biyar cikin bakwai kafin ta haye.

Mako uku ta yi tana cika littafin nan da fensir. A hutun rabin sa'a na kamfani ta yi, a bas ta yi, a kicin ta yi, wake na kan wuta Gaspar na jan gashinta. Ranar Talata ta ajiye fensirin ta dube ni.

"Tsoho, in na faɗi wannan, na gama. Ni ba yarinya ba ce da zan yi ta maimaita aji."

Yasna ba ta cika baki. In ta ce ta gama, ta gama.

Ranar Laraba da yamma, tana yi wa Gaspar wanka, na ɗauki littafin na duba. Bangon ya yage, ga tabon shayi, ga ƙarnin jatan lande. Na ce a raina malamin nan da yatsa biyu zai ɗaga shi, ya rage mata maki tun bai buɗe ba. Sai na yi masa riga. Lissafi ne, saboda haka shuɗiya. Ko tunani ban yi ba, hannuna ne ya jawo takardar. Na ajiye shi kusa da na Trini, wanda Gaspar ya daɗe da ɓare takardar sunan da ke jikinsa ya manna a goshinsa. Da asuba ni na shirya jakunkunan biyu.

"Ka saka min?" in ji Yasna daga bakin ƙofa.

"Na saka. Har da sabuwar riga."

Ta shafa sanƙona ta fita.

Ni direban colectivo ne, tasin haɗaka mai bin layi ɗaya, daga Tierras Blancas zuwa tsakiyar gari. Ƙarfe biyu da kwata ina da fasinja biyu. A gaba Señora Fresia ce, wadda ta shekara goma tana hawa motata tana koya min tuƙi. A baya kuma Don Ruperto, tsohon masunci (a wurinmu Don kamar Malam ne). Wayata ta yi ƙara, da yake hannuna na kan sitiyari sai na buɗe muryar kowa na ji. Tía Marcia ce, malamar 'yarmu Trinidad, wato Trini.

"Don Nibaldo, ko dai 'yar baiwa kuka haifa ba ku faɗa min ba, ko kuma littafin nan ba na Trinidad ba ne. Mu har yanzu muna kan takwas a tara da biyar, ita ta zo min da lissafi mai haruffa."

Na taka birki har Don Ruperto ya rungumi kujerar gaba. Sau uku na kira Yasna, wayar a kashe. Haka take yi da zarar ta doshi aji.

"To me kake jira?" in ji Señora Fresia. "Juya mota."

"Señora, layi fa. In aka gan ni a wata hanya da fasinja..."

"Layin guduwa zai yi? Don Ruperto, kana sauri?"

"Sakamakon gwajin asibiti za ni karɓa," in ji shi. "Wata takwas suka sa ni jira. Su ma su ɗanɗana."

Na juya. Duk danjar da muka tarar ja ce. Na taɓa hoton Budurwa mai tsarki ta Andacollo, wadda muke roƙo a coci, da ke rataye a madubi, Señora Fresia ta ce in bar Budurwa ta huta in canza giya.

Tía Marcia na tsaye a ƙofar makaranta, littafin a hannu ɗaya, Trini a ɗaya hannun. Na miƙa hannu zan fizge in ruga, ta ƙi saki.

"Akwai wani abu kuma," ta ce, tana cizon leɓe. "Faɗa wa babanki, 'yata."

Trini ta ɗaga kai, sai ƙyalli take kamar wadda ta ci gasa.

"Baba, na gane rubutun Mama ne. Malaminta mugu ne, duk ya cika mata littafi da alamar kuskure. Na goge su. Yanzu ba za ta faɗi ba."

Na buɗe daga baya. A ajinsu Trini, in ka ga x a littafinka, ka yi kuskure ke nan. Ita kuwa ta bi layi-layi da magogin fensirinta, duk x ɗin da ta gani ta share shi tas, wani wurin har da lambar da ke maƙwabtaka da shi. A ƙasan kowane shafi ta zana alamar daidai, ƙatuwa. Shafi shida ta gyara kafin malama ta lura.

Ashe ta ji abin da uwarta ta faɗa ranar Talata.

"Kin yi ƙoƙari," na ce. "Koma aji."

Uku saura ashirin muka kama hanyar makarantar manya. Señora Fresia ta ɗora littafin a cinya, ta laluba jakarta ta zaro fensir.

"Abin ai ba wuya. Duk inda na ga rami in cusa x."

"Akwai y ma a ciki," in ji Don Ruperto, yana leƙowa ta kafaɗarta. "A zamaninmu lissafi lamba ce. Wa ya gayyato haruffa?"

"Don Allah kada a taɓa," na ce. "Mun taimake ta ya isa haka."

"Mun?" Ta juyo gaba ɗaya. "Wa ya yi wa littafin riga, ni ko kai? Da ka bar shi da ƙarninsa, ko makaho ba zai haɗa shi da na yarinya ba."

Ina tuƙi ina tunanin ko in yage shafukan shida in yi shiru, ko in ce ruwa ne ya zuba. Duk ƙaryar da na ƙulla, sai in ga fuskar Yasna ta warware ta.

Uku da minti huɗu na faɗa ajin ba ko ƙwanƙwasa ƙofa. Manya kusan ashirin a kan kujerun yara, wasu da kayan aiki a jikinsu. Yasna na tsaye gaban teburin malami, jakarta a kafaɗa. Profe Arancibia, wani siriri mai tabarau a kan hanci, yana riƙe da littafin Trini yana karantawa da ƙarfi.

"Takwas a tara da biyar, goma sha uku. Daidai ne, Señora Yasna. Ga ma hatimin fuska mai murmushi."

Ajin na dariya. Yasna ba ta yi. Idonta na kan ƙofa, kuma ba ni take nema ba, hanyar fita take dubawa.

"Ga shi nan!" na ce, ina haki, na ɗaga littafin sama.

Malamin ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ne waliyyin ɗalibar?"

"Ni mijinta ne, Profe."

"Allah Sarki," in ji wata mata daga baya. "Ni nawa bai ma san ajin da nake ba."

Na faɗi komai a tsaye, da rigar da na yi wa littafin, da jakunkunan, da Trini da magoginta. Da na zo kan x ɗin sai Yasna ta karɓe littafin ta buɗe. Ta daɗe tana kallon alamar daidai ɗin nan ta 'yarta. Ban san ko kuka za ta yi ko jifa na za ta yi da shi ba. Sai ta miƙa wa malamin.

Ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, yana lasar yatsa.

"Shekara ashirin da biyu ina koyarwa," ya ce. "An ce min kare ya cinye, an ce an manta a bas, an ce suruka ta hura wuta da shi. Yau ne na fara ganin wadda aka sace wa x."

Ya rufe littafin ya ɗora hannu a kan tulin da ke gabansa.

"Rabin waɗannan kwafe ne. Na sani, masu su ma sun sani." Dariyar ta ɗauke. "Señora, in aikinki ne, kin san gidan kowane x. Ga kujera nan gabana. Minti goma sha biyar, ki mayar da su."

Yasna ta zauna a bakin kujerar, jakar na nan a kafaɗarta, ta miƙa hannu wani ya ba ta fensir.

"Fita, tsoho," ta ce ba tare da ta dube ni ba. "Numfashinka na hana ni tunani."

Na fita na zagaya ta taga. Can na tarar da fasinjojina sun riga ni, Don Ruperto har ya samu bulo ya taka.

Shafin farko da na biyu ba ta ko tsaya ba, fensirin sai tsalle yake kamar tana tsintar tsakuwa a wake. A na uku ta rage sauri. A na huɗu ta tsaya cak, inda Trini ta haɗa da lambobi ta share. Ta ciji fensirin. Ta rubuta, ta goge. Ta juya gefen shafin ta fara lissafin daga tushe, leɓunanta na motsi.

"Ta maƙale," na ce.

"Tunani take," in ji Señora Fresia. "Kai ba ka san kamanninsa ba ne."

Na duba agogo, saura minti huɗu. Na sake dubawa, saura minti huɗu. Gumi ya jiƙa min riga. Na yi wa Budurwa alkawarin kyandir, na ƙara mata wani, na kai har biyar. Da malamin ya ɗaga hannu zai ce lokaci ya yi, Yasna ta diga wani abu a layin ƙarshe ta tura masa littafin.

Ya ɗauki jan biro. Ya yi zane a wuri ɗaya, ya juya shafi, ya sake yi a wani wurin. Sannan ya ajiye jan, ya ɗauki wani biron ya rubuta a shafin farko, ya juya mata ta gani. Daga taga ba a hango komai sai bayanta.

Ta taso ta zo bakin tagar, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Nawa?" na ce. "Yasna, don Allah, nawa?"

"Guda biyu na kai gidan da ba nasu ba."

"Nawa ya ba ki?"

"Biyar da ɗigo biyu."

Don Ruperto ya yi ihu har ya zamo daga kan bulon. Ni kuwa na dafa bango, idona ya cika, na shiga laluben hankicin da ban fito da shi ba.

"Kalle shi," Yasna ta ce wa Señora Fresia. "Ni na yi jarrabawa, shi ya suma." Ta sa hannu ta tagar ta ja kunnena, ba da ƙarfi ba. "Kada ka kuskura ka yi wa Trini faɗa. Ni zan koya mata aikin x da kaina."

"Ni da kike gani ko baki..."

"Señora Yasna," malamin ya kira daga ciki, "in kin sallami waliyyinki, muna shafi na casa'in."

Ta koma wurinta, ta sauke jakar daga kafaɗa ta rataye a bayan kujera, ta zauna sosai. Na ci gaba da tsayuwa a tagar. Ba ta ɗago ba, ta dai ɗaga hannun hagu ta kore ni kamar mai korar kaza, na dama yana rubutu.