Tabon da Lalle Ya Rufe

Hajja Latifa ta Gwange ba ta taɓa ganin tabon da idonta ba. A tafin ƙafarta ta hagu yake, ita kuwa ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta lanƙwasawa. Mu'mina mai lalle, maƙwabciyarta, ce ta gano shi. 'Yar Hajja, Maimunat, ta ɗauki hotonsa ta nuna wa wani abu a waya da aka ce yana gane cutar fata. Abin ya ce a ga likita da wuri.

"Waya ce ta faɗa? Ta taɓa ƙafar ne?"

"Mama, zai iya zama cutar kansa."

Hajja ta jawo carbi.

Ana gobe asibiti ta aika a kira Mu'mina. Ita ba za ta miƙa wa likita ƙafa duk faso ba, kamar wadda ba ta da kowa. Aka daɓa lalle, ya kama baƙi ƙirin har diddige.

Su uku suka hau keke Napep. Likitar fata, Dakta Hope Dzarma, ta ɗora wata 'yar fitila mai kyamara a tafin ƙafar. Kwamfuta ta ce ba komai. Aka sake, ta ce a gaggauta. Na uku ta ce hoto bai fito ba.

"To 'yata, wanne zan kai gida?" in ji Hajja.

"Mama, yaushe kika sa lalle?"

"Jiya. Don ke ma na sa."

Likita ta dafe goshi. Ta ce na'urar da dubban hotuna ta koyi aikin, launin tabo da gefensa take dubawa, ga shi lalle ya cinye duka. Ita kanta idonta bai raba su sosai ba. Ta karɓi wayar Maimunat ta daɗe tana kallon hoton.

"Hoto ɗaya ba zai gaya min ko yana girma ba. In yana girma, ba zan jira lalle ya goge ba. Ya ƙaru?"

Hajja ta dubi Maimunat, Maimunat ta dubi waya. Abu a jikin Hajja, amma ita ce baƙuwa.

Ta ce wa Maimunat, "Kira min Mu'mina, tana benci. Shekara sha biyu tana riƙe ƙafar nan."

Mu'mina ta shigo tana gyara lafaya, ko ƙafar ba ta duba ba.

"Ƙaramar sallah ta bara kamar ƙwayar gero yake. Lokacin bikin ɗanta Tahir ya kai wake. Jiya kam gyaɗa, gefen ma ba daidai ba."

"Kin gani kika rufe?" in ji likita.

"Ta ce in rufe. Wa yake musu da Ya Hajja?"

Dakta Hope ta rubuta takarda. Ranar Alhamis za a yanki ɗan kaɗan a kai gwaji, shi zai faɗi ko kansa ce.

Hajja ta zura takalmi a hankali.

"Wato waya ta ce eh, kwamfuta ta ce eh da a'a, mai lalle ce ta raba gardama?"

"Kusan haka, Mama."

"Allah masani. Alhamis bayan asuba ina nan." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Kar in sake ɓata muku aiki. Man shafawa fa, shi ma in bari?"