Canjin Gida

Ni dai ban taɓa son hirar wasanmu da 'yan reluwe ba, amma a zaurena ake yin ta, kuma ba a korar mutum don ya tuna ƙuruciyarsa. Kullum in an sauko daga la'asar sai tsofaffin 'yan kallon ƙwallo na Mandawari su taru su zaune mini fatu, ina ɗinkin kube suna buga wasan da aka tashi tun shekara ashirin da uku. Sule ne limamin hirar. A bakinsa ƙwallon da aka ci daga taku goma ta koma taku talatin, in kuwa Allah ya ja kwanansa wata rana daga kan Dala za a bugo ta.

Gambo ne golanmu a wasan. Aminina ne tun muna yawo ba wando, kuma kafin ranar babu mai aikin wuyan riga kamarsa daga nan har Shahuci. Yanzu goro yake sayarwa a faifai a bakin zaurena, hannunsa na dama kullum a cikin riga. Hannun ya shanye tun bayan wasan, ya ƙanƙance, yatsun sun lanƙwashe ciki. Abin da mutane suka sani shi ne ƙwallo ta karya shi, ɗori bai kama ba. Suna kuma yabona, wai Tanko baduku ya riƙe amana, ya ba abokinsa wurin zama, ba ya cin tuwo sai da shi. In na ji yabon nan sai in ji kamar in nutse, don na san abin da ke ƙarƙashin ƙafar Gambo a ranar. Mu biyu muka sani, ni da Isiyaku. Shi kuwa Isiyaku washegarin wasan ya bi fatake Gwanja, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Allah ya yafe mini, na sha yi masa fatan ƙasar can ta riƙe shi.

Wata Alhamis, a shekarar da Turawa ke kira 1957, Sule ya kai daidai inda 'yan reluwe suka sauko daga mota da takalmansu masu ƙusa, sai aka rangaɗa sallama daga waje. Kafin in ga fuska na gane muryar. Isiyaku ne, ya yi ƙiba, ya yi furfura, haƙora jajur da goro, amma bakin nan yana nan yadda ya tafi da shi, ba linzami. Zaure ya kaure da murna, ana ta lale da mutanen Kumasi. Da ya zo kan Gambo bai tsaya musabaha ba, rungume shi ya yi yana jijjiga shi, saboda haka bai lura da komai ba.

Bari in faɗi abin da muka yi, tunda ba inda zan gudu.

Mu a lokacin tamaular tsumma muka sani a lungu. Kowane ɓangare ya ajiye duwatsu biyu, nan ne gidansa, yana tsaronsa har magariba ta raba. Da aka ce samarin birni za su kara da ma'aikatan reluwe a filin bayan ganuwa, wajen Ƙofar Ruwa, da ƙwallon fata da alƙali Bature, sai ido ya raina fata, don an ce ba a taɓa cin su ba. Ni da Isiyaku ba ma bugawa, namu ihu ne, sai muka ce bari mu taimaka ta inda muka iya. Muka kai wa wani boka jan zakara, ya ba mu ƙulli, ya ce a yi masa laya da baƙar fata a binne a gidan abokan gaba. Ya ce, "Samari, duk wanda ya tsaya a kanta, hannunsa ba zai ƙara riƙe komai ba." Mu muka ɗauka ƙwallo yake nufi. Ni na ɗinka layar, ɗinki mai kyau kuwa. Da hantsi, fili ba kowa, muka binne ta tsakanin sandunan da ke wajen tsamiya, don ta nan hanyar 'yan reluwe ta ɓullo, mun tabbata nan za su ɗauka.

Nan ɗin kuwa suka ɗauka. Sai dai golansu bai ga aiki ba, duk wasan a gidanmu ake yi, Gambo na ta tsalle kamar an zuba masa garwashi. Na reluwe ya koma gefe ya jingina da sanda yana shan rake, ko sau ɗaya bai taka wurin ba. Na zagaya bayan sandunan na tsaya, ina jiran ya matso. Can Bature ya busa usur, aka huta aka sha ruwa, sai na ga 'yan wasa suna ƙetare juna. Na tambayi wani akawu da ke kusa da ni ko me ke faruwa, ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Canjin gida ne mana. Haka dokar take."

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba. Ina kallo Gambo ya taho yana murmushi, ya shafa ƙasa a tafukansa, ya zo ya tsaya daidai inda ƙasar ta fi duhu. Har da sa diddige ya daddale wurin, don ya ji shi da taushi. Tsakanina da shi taku uku ne.

Tun daga ranar ban ƙara yi wa kowa laya ba, ban kuma ƙara bi ta Ƙofar Ruwa ba, ko da ta nan ce hanyata. To yau ga wanda ya riƙe mini fartanya a zaune a kan buzuna yana kwankwaɗar ruwa.

Na ce, "Isiyaku, taso mu shiga ciki ka ci abinci, ka sha hanya."

"Abinci ba ya gudu," in ji shi. "Sule, ina ka tsaya? Ci gaba don Allah. Shekara ashirin da uku ban sami wanda zan yi hirar nan da shi ba. Mutanen can in ka ce musu mun ci reluwe ba takalmi, dariya suke maka."

Na tambaye shi farashin fata a Kumasi. Na tambaye shi iyali. Na ma tambaye shi ko gaskiya ne ruwan sama ba ya ɗaukewa a can. Kowace ya amsa ta da kalma ɗaya ya juya wajen Sule. Shi kuwa Sule ya sami sabon kunne, ai sai ya miƙe tsaye ya tattare riga.

"Saura ƙiris a tashi," in ji Sule, "muna da ɗaya suna nema, Bature ya ba su fanareti. Wannan dogon mai ƙafa kamar taɓarya ya ja da baya har ya kusa fita fili. Jama'a, wallahi na ji ƙarar bugun nan a haƙorina! Gambo ya tashi sama, hannu ɗaya, ya doke ta ta haye tsamiya!"

A nan Sule kan tsaya kullum, don abin da ya biyo baya ba na hira ba ne. Gambo ya yi ɗan murmushin da ya saba, yana yayyafa wa goronsa ruwa da hagu. Na ce a raina, Allah ka sa a tashi haka. Sai Isiyaku ya buga cinya ya tuntsire da dariya.

"Ku duk kallo kuka yi, mu muka san cikin wasan nan. Tanko, in faɗa?"

Basilla ta kuɓuce ta shige mini ɗan yatsa, ban ma ji zafi ba sai da na ga jini a kan kuben. Na ce, "Isiyaku, bar tone-tone. Yarinta ce, ta wuce."

"Haba Baduku, shekara ashirin da uku? Ko gawa ce ai ta zama ƙasa."

"Don girman Allah ka bari."

Sule ya ce, "A'a, tunda har Tanko ya haɗa da Allah, lallai akwai nama a maganar. Faɗi mu ji!"

Na dubi ƙofa. Gambo ne zaune a bakinta. Isiyaku ya fara tun daga jan zakara, yana kwaikwayon muryar boka, yana nuna yadda na duƙa ina haƙa shi yana gadi. Aka yi dariya. Da ya faɗi abin da boka ya ce game da hannu, dariyar ta ragu. Da ya kai kan canjin gida, babu mai dariya sai shi kaɗai. Sule ya koma ya zauna a hankali. Isiyaku bai ga komai ba, hawayen dariya sun cika masa ido.

"Ku ji wauta! Mu ina muka san ana canja gida? Muka haƙa wa reluwe rami, namu ya faɗa! Ni ina can ɗaya gefen na ce shi ke nan, mun kashe Gambo. Sai ga shi ya tsaya a kan layar nan har aka tashi, ya kuma tare fanareti. Ashe boka cinye mana zakara ya yi a banza! Ina hannun? Kawo hannun nan mai albarka in gani!"

Kafin wani ya tare shi ya kai hannu cikin rigar Gambo, ya kamo, ya ɗaga sama.

Hannun ya fito kowa na gani, siriri, busasshe, yatsun a dunƙule. Isiyaku ya tsaya riƙe da shi, bakinsa a buɗe. Sai can ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba.

Gambo ya zare hannunsa a hankali ya mayar cikin riga. Bai dubi Isiyaku ba, ni ya duba. Shekara ashirin da uku ina tsoron wannan kallon, na zaci zai zo da zagi ko da kuka, sai ya zo ba ko ɗaya, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Tanko, kai ka ɗinka ta?"

"Ni ne."

"Da aka yi canjin gida, kana ina?"

"Ina bayanka."

"Na tuna," in ji shi. "Na waiwaya na gan ka, har na yi maka dariya. Me ya hana ka kira ni?"

Da zan iya ƙarya da na yi, amma ta ƙare mini. Na ce, "Da farko tsoro ne. Ga dogarai, ga Bature, ga babana a cikin 'yan kallo. Na ce bari ƙwallo ta fita waje in raɗa maka. Kafin ta fita muka ci su ɗaya."

"Sai me?"

"Sai na ga in na yi magana za a tashi wasan."

Ba wanda ya motsa. Daga waje ana jin mai tallan mai tana wucewa, tana kira kamar kullum. Gambo ya ja tsumman goronsa ya rufe faifan.

"Ni ban yarda ƙullin boka ne ya kashe mini hannu ba," in ji shi. "Bugu ne, da mai ɗorin da ya matse shi da yawa, da abin da Allah ya rubuta. Haka na ɗauka jiya, haka na ɗauka yau. Amma kai, Tanko, a ranar ka yarda za ta kashe shi. Ka yarda, kana tsaye a bayana, ka ci gaba da kallon ƙwallo."

Ya yunƙura ya miƙe, ya jawo faifan da hagu yana ƙoƙarin tokare shi a ƙugu, goro biyu suka gangaro ƙasa. Na tashi da sauri in kama masa.

Ya ce, "Bar shi, zan iya."