Abin da Ke Hagun Isiyaku

Shekara ashirin da shida Isiyaku Tamu ya yi yana zana bayan manyan motoci a garejin Jega. Duk motar albasa da ka ga ta nufi Kudu da zaki a bayanta, ko mikiya ta fizgo maciji, to da wuya in ba hannunsa ba ne. Bai taɓa riƙe abin buga gem ba sai da Bashar Sambo ya zo nemansa.

Bashar mutumin Aliero ne, shekararsa talatin da 'yan kai, yana da gidan gem a bakin titi inda ɗalibai da 'yan dakon albasa ke rage rana. Ya faɗaɗa shagon, sai bango guda ya fito fari fat, tsawonsa taku goma sha biyu. So yake a zana masa jarumin wani wasa da ya tashi da shi tun yana firamare. Wasan yana da sunansa na ƙasar da aka yi shi, amma a Aliero Mai Fitila ake ce masa, don jarumin ba ya rabo da fitila a hannu da jan ƙyalle a wuya. Kashi biyar aka fitar cikin shekara kusan talatin, kowanne da irin zanensa.

"Su biyar ɗin nika so, Malam Isiyaku," in ji Bashar, "kowa da kamanninai. Amma sai ka zaka ka gan su da idonka. Hoton waya ba shi isa."

Ranar Laraba da hantsi Isiyaku ya hau mashin ɗinsa ya tafi Aliero. Bashar ya tada janareta, ya jera talabijin uku, ya fito da wata tsohuwar na'ura da ya naɗe a zani kamar kayan gado. Ba kowa a shagon sai su biyu.

Kashi na ɗaya ya ba Isiyaku dariya. Komai ƙananan murabba'ai ne, kamar saƙar tabarma, kuma daga sama kake kallon duniyar. Fuskar jarumin ɗigo biyu ce kawai.

"Wanga ai ɗinkin hula na," ya ce. "Launi nawa gare su? Takwas? Amma dibi wayo. Sun san ba su iya yin hanci, sai sunka ba shi jan ƙyalle don ka gane shi ko daga nesa."

A kashi na biyu mutum yana iya zagaya jarumin, sai dai jikinsa duk kusurwa ne, kamar an sassaƙe shi da gizago ba a goge ba. Hazo ya rufe nesa. Bashar ya ce na'urar lokacin ba ta da ƙarfin zana abin da ke can gaba, shi ya sa suka ɓoye shi. Isiyaku ya gyaɗa kai. Shi ma in fenti ya kusa ƙarewa gajimare yake yi.

Na uku ne ya kama ransa. Manyan kawuna, baƙin layi mai kauri, shuɗi da ɗorawa da ja a shimfiɗe ba inuwa, kamar ɗan'uwansa ne a gareji ya zana. Bashar ya ce da ya fito mutane sun yi ta zage-zage, wai an mai da musu jarumi ɗan tsana. Na biyar kuwa ba layi ko ɗaya, launi ne ke narkewa cikin launi kamar an zuba shuni a ruwa, ciyawa tana kaɗawa ɗai-ɗai.

Bashar ya bar na huɗu a ƙarshe, don shi ya fi so. A nan jarumin ya zama mutum sosai, har zufar goshinsa ana gani. Ƙasar duk tsatsa ce da toka, kangaye da rijiyoyi, fitilar ba ta haska komai sai ɗan da'irar da ke kewaye da shi.

"Amshi ka gwada," Bashar ya miƙa masa abin latsawa. "Wanga ka tura shi tahi, wanga ka latsa shi kai sara."

Isiyaku ya tura, jarumin ya shiga wani zaure. Bai yi taku goma ba allon ya yi ja, jarumin ya faɗi.

"Mi yak kashe ni?"

"Kura. Hagu taf fito."

Ya sake. Aka sake kashe shi a wurin. Karo na uku Bashar ya miƙe ya ɗora yatsa a kan gilashin. "Ga ta nan, Malam, ƙatuwa awa maraƙi. Tun ɗazu tana tsaye."

Isiyaku ya juya kansa, sai ga kura da jajayen idanu, ta cika rubu'in allon. Ya mai da dubansa kan jarumin, kurar ta ɓace. Har yatsan Bashar ya ɓace.

"Sun cika duhu," ya ce. "Wanga ba zane ba na, ɓarnar baƙin fenti ta."

Bashar ya yi dariya, ya fita duba janareta. Isiyaku ya matsa gaban talabijin ɗin da kashi na uku ke ciki, mai hasken nan kamar tsakar rana. Akwai jirgin ruwa a tsakiya, da wata hasumiya ja a hagu. Ya kafa ido a kan jirgin. Hasumiyar ta tafi. Ya sa tafin hannu ya rufe idon dama, sai duniya duka ta tsuke ta koma kamar yana leƙe ta cikin bututu. Gefe-gefen ba baƙi ba ne ma. Babu ne kawai.

Ya tuna butar da ya yi ta hamɓararwa a ƙofar ɗaki yana faɗan an aje ta a hanya. Ya tuna kafaɗarsa ta hagu da ba ta rabo da bugun ƙyaure. Daga nan tunaninsa ya tafi inda ya shekara talatin yana hana shi zuwa, wato Alelu, gidansu. Mahaifinsa ya makance yana da shekara hamsin, idonsa garau ba farar yana ba ja, har mutane suka ce sammu ne. Mahaifiyarsu ta ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa makewayi, yana bi yana lalube, shekara tara, har ya rasu. Isiyaku yanzu arba'in da bakwai gare shi.

A hanyar komawa Jega wata motar albasa ta wuce shi ta hagu. Bai gan ta ba sai da iskarta ta ture shi gefen titi. Ya tsaya a gindin wata bishiyar bedi, ya kasa ko karanta addu'a daidai.

Bai gaya wa kowa ba. Kwana tara yana zuwa Aliero yana aiki. Na ɗaya ya zana shi da ma'auni, murabba'i bayan murabba'i, ɗari uku da wani abu. Na biyu ya fitar da kusurwoyin nan kamar yadda suke. Na uku cikin yini guda ya gama shi, hannunsa ya san hanya. Ya tsallake na huɗu ya kama na biyar, Bashar ya tambaye shi dalili, ya ce baƙin fentin da ya samu ba mai kyau ba ne. Kullum da safe kafin ya tashi daga shimfiɗa sai ya daɗe ido a rufe, yana tsoron ya buɗe ya tarar an ƙara rage masa.

Matarsa Zubaida ta lura tuwo yana komawa rabi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci yana zaune a tsakar gida yana wanke buroshi, sai ya ji muryarta dab da kunnensa.

"Malam."

Ya zabura har gwangwanin kananzir ya kife. Tana tsaye a hagunsa da kwanon fura.

"Tun yaushe kike nan?"

"Na ƙirga har sittin," ta ce. "Na ɗaga maka hannu sau biyu." Ta aje kwanon ta durƙusa a gabansa. "Baban Amatullah, idon na, ko?"

"Gajiya ta."

"Ni ma na san Baba. Ni ka kai mai abinci shekara biyu kahin shi rasu. Mu tahi asibiti Birnin Kebbi."

"In sunka ce an gama hwa? In sunka ce ba magani?" Bai san ya ɗaga murya ba sai da kajin tsakar gida suka watse. "Yanzu ko ba komi ina iya cewa ban sani ba."

Ta dube shi. Ta ɗauki gwangwanin ta miƙar.

Ranar Litinin ya kama na huɗu, tunda ba sauran inda zai ɓuya. Ya shafe wurin da baƙi da ruwan ƙasa, ya hau katakon da aka gindaya a kan duro biyu don ya kai ga fitilar da jarumin ya ɗaga sama. Yana jan layin haske daga dama zuwa hagu, yana matsawa taku-taku, idonsa a kan buroshi. Katakon ya ƙare bai gani ba. Ya taka iska.

Ya faɗo a kan hannun hagu, ya ji ƙas. Fenti ya wanke masa riga. Bashar ya shigo a guje yana salati.

"Malam! Ba ka ga bakin katakon ba?"

Isiyaku yana kwance a ƙasa, ciwon hannun bai kai masa ko'ina ba tukuna. "Ban gani ba," ya ce. "Bashar, kurar nan ma ban gan ta ba. Ba duhun zanen ba na. Ni na."

Bashar ya durƙusa kusa da shi. Can ya ce, "Kuma ni ina ta yi maka dariya."

Ɗori ba abin nema ba ne a Aliero, garin masu ɗori, kafin azahar an ɗaure hannun da karare. Washegari Bashar ya rufe shago, ya aro motar yayansa, ya ɗauki Isiyaku da Zubaida zuwa Birnin Kebbi. Isiyaku bai yi musu ba. A layin asibitin ido ya ga wani dattijo ana jan sa da sanda, sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa har aka kira sunansa.

Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta ɗiga masa magani, ta auna, ta sa shi ya kafa goshi a wata na'ura yana latsa maɓalli duk lokacin da ya ga ƙyallin haske. Da aka zo idon hagu sai ya ji shiru ya yi yawa, yatsansa yana jira ba abin latsawa.

"Hawan jinin ido ne," ta ce da suka zauna. "Yana cin gani daga gefe, ba ciwo, shi ya sa mutum ba ya sani. Ba zan ɓoye maka ba, abin da ya tafi a na hagu ba zai dawo ba. Na dama ya fara taɓuwa, amma kaɗan ne. In ka riƙe maganin ɗigawa safe da yamma, kana zuwa awo, muna sa ran za mu tsare shi."

"Har yaushe zan ɗiga?"

"Har iyakar rai."

"Zan makance?"

"Ba na yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah. Amma ka zo da sauran gani mai yawa. Da ka ƙara shekara biyu, da magana ta bambanta." Ta dubi takardarsa. "Ka ce mahaifinka ma haka ya yi. Abin yana bin jini. Kana da 'yan'uwa?"

Yana da ƙane ɗaya, Waliyyu, manomi a Alelu.

Bayan sati shida, da aka kwance ɗorin, ya koma ya ƙarasa bangon. Bai sake hawa katako ba, tsani ya sa, Bashar yana riƙe masa. Ya koyi juya kai gaba ɗaya maimakon ido kaɗai. Sun yi gardama a kan na huɗun, don Isiyaku ya faɗaɗa hasken fitilar fiye da yadda yake a wasan, Bashar ya ce ba haka masu shi suka yi ba, Isiyaku ya ce masu shi ba su taɓa zana bangon da rana ke duka ta taga ba. Aka bar shi haka. Mashin kuwa ya daina hawa a babban titi, motar haya yake bi.

Waliyyu ne ya ba shi wahala. Sau biyu yana aika masa saƙo ya zo a duba idonsa, Waliyyu yana cewa aikin gona ya yi yawa. Ran nan Isiyaku ya tafi da kansa, ya same shi a fadama yana ban ruwa.

"Yaya, ni lahiyata lau," in ji Waliyyu, bai ko ɗago ba. "Mutum shi kai kainai a nemo mai ciwo?"

Isiyaku ya zauna a kan kunyar gona, ya cire takalmi. "To ni ma nan nika zama. In ka gama mu tahi, in ba ka gama ba in kwana."

Waliyyu ya ci gaba da aiki. Ya buɗe ruwa a fangali ɗaya, ya toshe wani, ya koma ya gyara bakin injin da ba abin da ya same shi. Sai da rana ta take sannan ya zo ya tsuguna kusa da yayansa, yana murza laka a tafin hannu.

"In na dibi fitilar masallaci," ya ce ƙasa-ƙasa, "ina ganin wani zobe kewaye da ita. Tun bara. Ban hwaɗa ma kowa ba."

Ranar Alhamis suka tafi tare. Waliyyu ya riƙe gefen kujerar asibitin da hannu biyu har aka gama awon. Shi ma an samu abin a idonsa duka biyu, amma bai riga ya ci komai ba. Likita ta rubuta masa magani irin na Isiyaku, ta sa musu ranar dawowa ɗaya, bayan wata uku.