Takardu Ɗari Huɗu Kafin Tasha

Sati uku Auta, ƙanwata, tana gyara takardar neman aiki a wani kamfanin magunguna. Shekara biyu ke nan da gama karatunta, tana zaune a gida tana wanke mana kwanuka. Sai da na karanta mata takardar sau tara kafin ta yarda ta tura.

Ranar Talata na shiga bas zan tafi shago, na zauna kusa da wani mai gilashi da ya baje kwamfuta a cinya, gwiwar hannunsa a haƙarƙarina. Ba leƙe na yi niyya ba, amma ido ba shi da shamaki. A saman allon na ga tambarin kamfanin nan. Hotunan masu neman aiki ne ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashin kowanne maɓalli biyu, kore da ja.

Mutumin nan ayaba yake ci, waya a maƙale a kafaɗa, yana faɗa da matarsa kan tukunyar gas. Yatsansa mai danƙo yana ta danna ja kamar mai kashe kiyashi. Kwandasta ya miƙo hannu, ya danna biyu yana laluben aljihu. Aka faɗa rami, ya danna uku.

Sai ga Auta, da mayafina da ta ara ta ɗauki hoto. Ko daƙiƙa ba ta yi a allon ba.

Na ce, "Malam, ka karanta ta wannan yarinyar kuwa?"

Ya sauke wayar. "Hajiya, ɗari huɗu ne, kuma kafin mu kai tasha ake so. A ofis wani aikin ke jirana."

"Ƙanwata ce."

"Ayya, ai da kin faɗa tun ɗazu." Ya koma baya ya danna mata kore, sai kwamfutar ta ƙi. "Goma ake ɗauka, sun cika. Bari a cire ɗaya."

Ya buɗe goman. Ya tsaya kan wani saurayi siriri, wuyan rigarsa ya sha guga har yana ƙyalli. Bai karanta ko layi ɗaya ba, sai ya juyo yana kallona, yatsan a sama.

Ni da nake ta tsine masa a zuci tun daga kwanar asibiti, na buɗe baki na ce, "Allah ya saka da alheri."

Ya danna, ya goge yatsan a jikin kujera.