Ranar da Motar Ma'aikata Ta Yi Shiru

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana jan motar ma'aikatan kamfanin sabulu, doguwa mai kujera talatin da biyu, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa taka birki motar ta yi shiru ba. Yana takawa sai hon ya tashi. Shi ya sa babu mai ce masa direba. Daga mai gadin ƙofa har manaja, Mai Hon suke kiransa, har matarsa ma idan ranta ya ɓaci.

Shi a ganinsa haka aka ƙera motar. "Irinta ba su da yawa," yake gaya wa duk sabon ma'aikacin da ya zauna a gaba. "An haɗa mata birki da hon a waya ɗaya ne, saboda tsaro." Idan aka ce masa ai ranar da ya yi hutu wani ya ja ta kuma ba ta yi ƙara ba, sai ya shafa sitiyari ya ce mota ta san mai ita.

Mutum ne mai jiki, Allah ya yi masa tumbi irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki. Ma'aikatan da yake kwasa da safe kuwa tuni sun daina duba agogo. Kowa ya san adadin hon ɗin da ke tsakaninsa da mota: wannan na kwanar makaranta ne, akwai sauran lokacin kurɓar shayi, wancan na gidan mai ne, a nemo takalmi, na uku a fito.

Wata rana nas ɗin kamfani ta auna jininsa sau uku a jere, ta cire gilashinta ta dube shi. "Malam, ni ma a motarka nake zuwa aiki kullum," ta ce. "Don Allah ka rage jiki. Ba don kanka kaɗai nake roƙo ba."

Maganar ta shige shi. Ya rage sukarin shayinsa daga cokali biyar zuwa ɗaya, ya daina ƙarin abinci, kuma kullum idan ya ajiye mota da yamma sai ya taka da ƙafa har gida. Matarsa ta sayo sikeli ta ajiye a bakin banɗaki. Ranar farko ya nuna kilo ɗari da goma sha takwas. Bayan wata guda ya sauko ɗari da goma sha huɗu, Mai Hon ya kira ƙannensa biyu a waya ya sanar da su.

Daga nan sai sikeli ya kafe.

Sati ya wuce, ɗari da sha huɗu. Sati uku, sati shida, yana nan daram. Ya hau ba riga. Ya hau ba agogo. Ya je ya yi aski ƙwal ya dawo da sauri ya hau kafin gashi ya tsiro. Ya gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ya ɗauki sikelin ya kai shi falo, ya kai shi kicin, ya kai shi ƙofar gida ko ƙasan can ya fi adalci. Har magana ya yi masa a hankali, irin yadda yake lallashin mota ranar da ta ƙi tashi.

"Baban yara," in ji matarsa, tana kallonsa daga bakin ƙofa, "ka lura yanzu kana ɗaure igiyar takalminka ba ka nishi?"

"Takalmin ne ya yi laushi."

"Bel ɗinka fa? Jiya na gan ka da ƙusa kana huda sabon rami."

"Fatar ba ta da kyau, miƙewa take yi." Ya nuna sikeli da ɗan yatsan ƙafa. "Ga mai gaskiya nan. Shi ba matata ba ne, ba ya neman faranta mini rai. Idan wata ya ƙare bai motsa ba, a dawo mini da sukarina."

A cikin waɗannan makonni ne hon ɗin motar ya fara ciwo. Da farko muryarsa ta gajarce. Daga baya sai ya zama ba ya amsawa sai an taka birki da ƙarfi. Mai Hon ya ɗauka tsufa ne, ya ce zai kai ta gareji idan ya samu sarari.

Ranar Litinin da safe ya tsaya a kwanar makaranta, shiru. Gidan mai, shiru. Ya bi hanyarsa kaf, yana tsayawa a kowace ƙofa minti ɗaya kamar yadda ya saba, ba wanda ya fito. Mutum uku kawai ya kai kamfani, su ma don sun fito shanya ne suka gan shi da idonsu. Sauran ashirin da tara suna gida da takalmi a ƙafa, sun kasa kunne har ƙarfe goma.

Manaja ya sa aka kira shi. Mutum ne siriri mai son rubuta komai a takarda.

"Me ya hana ka yin hon?"

"Ranka ya daɗe, ba ni nake yi ba. Motar ce ke yi."

Manaja ya rubuta wannan. Sannan ya ce a kai ta wurin bakaniken kamfani, dattijon da kowa ke kira Baba Sifana saboda ko sallama zai yi maka da sifana a hannu yake yi.

Baba Sifana ya hau motar, ya sa tafin hannu ya danna tsakiyar sitiyari. Hon ya tashi har tantabarun rufin gareji suka watse.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce.

"Ba wannan ba, Baba. Na birkin."

"Na me?"

"Wanda ke tashi idan an taka birki."

Baba Sifana ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin motoci, kuma bai taɓa yarda a gaban direba cewa akwai abin da bai sani ba. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To, wannan. Bar mini ita."

Kwana biyu yana neman wayar. Ya kwance allon gaban mota, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya bi kowace waya daga birki har fitilar baya. Ya sa sabon hon, ya cire, ya mayar da tsohon. Mai Hon yana zaune kan tsohuwar taya yana kallo, zuciyarsa a jagule: ga sikeli ya juya masa baya a gida, ga mota ta daina yi masa magana a wurin aiki.

A rana ta uku Baba Sifana ya fito daga ƙarƙashin mota, ya goge hannu, ya ce, "Hau ka ja mu zagaya fili. Ina so in ga yadda kake takawa."

Suka zagaya. Mai Hon ya taka birki, jikinsa ya yi gaba kamar kullum, ya dawo. Shiru. Baba Sifana bai kalli ƙafarsa ba. Tsakiyar sitiyarin yake kallo, inda robar ta goge ta yi sheƙi, da wasu 'yan tabo uku a jere, ɗaya bisa ɗaya.

"Sake takawa."

Ya sake. Dattijon ya miƙa hannu ya zura yatsu huɗu tsakanin tumbin da sitiyari, suka shige ba su taɓa komai ba. Ya dubi tabon nan uku, ya dubi maɓallan rigar Mai Hon.

"Kashe motar," ya ce. "Ɗana, na samo wayar."

Ya yi masa bayani a taƙaice, da ladabi gwargwadon yadda maganar za ta ɗauka, cewa tumbinsa ne ke danna hon duk lokacin da ya taka birki. Mai Hon ya sunkuya ya dubi tumbinsa. Abubuwa ne suke ta dawo masa. Ƙofar asibitin da aka sha fitowa ana yi masa faɗa. Ɗan sandan da ya taɓa tsare shi awa guda yana tambayarsa wa yake yi wa hon. Surukinsa, da ya tsaya zai gaishe shi a bakin titi, tsohon ya zabura ya faɗa cikin kwata, kuma har yau gaisuwarsu ba ta koma daidai ba.

"Shekara goma sha ɗaya, Baba?"

"Da 'yan watanni."

"Amma ba zai yiwu ba. Sikeli ya ce ban ragu ba. Sati tara yana wuri ɗaya."

"Sikeli jimla yake auna ka, da ƙashi da tsoka da ruwan da ka sha," in ji Baba Sifana. "Mota mai tan biyar, ka kwashe kaya daga gaba ka mayar baya, tan biyar ɗin ce, amma ba haka take tafiya ba. Miƙo ƙafarka." Ya ƙwanƙwasa ƙwaurinsa da sifana. "Ji nan. Da kamar burodi yake, yanzu kamar sabuwar taya. Ni ban san aikin likita ba, amma na san yatsu huɗu."

Da ya koma gida ya ba matarsa labari, sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Da ta samu numfashi ta ce ai ta sani tun shekarar farko, yaran ma sun sani.

"Kuka yi shiru?"

"Yadda kake son motar nan, Baban yara, wa zai raba ku?"

Ya so ya yi fushi, amma hannunsa yana kan cikinsa, yana lissafin yatsu huɗu. Da ta kawo shayi ya ɗauki cokali ɗaya na sukari, bai ce komai game da ƙarshen wata ba, ita ma ba ta tuna masa ba.

Washegari manaja ya kira taro, ya karanta musu mafita uku da ya rubuta. Ta farko, Mai Hon ya mayar da tumbinsa yadda yake, kamfani zai taimaka da abincin rana. Nas ta ce idan aka yi haka za ta koma zuwa aiki da ƙafa. Ta biyu, a ɗaura masa matashin kai a ciki. Aka gwada a fili, matashin ya maƙale, hon ya yi ta kuka minti goma har ma'aikata suka fito a guje suna tambayar ina wutar take. Ta uku, ya riƙa dannawa da hannu kamar kowane direba, amma manaja ya ce wannan sai an rasa yadda za a yi, domin mutum ba ya koyon sabon aiki a rana ɗaya.

Baba Sifana ya ɗaga sifanarsa. "Ranka ya daɗe, kujerar tana matsawa."

Aka matsar da ita gaba rami ɗaya. Mai Hon ya taka birki, hon ya tashi da tsohuwar muryarsa, mai farawa a hankali, ta kumbura, ta sauka. Wasu daga cikin ma'aikata har tafi suka yi.

Sati uku aka samu lafiya, sai motar ta sake yin shiru. Aka ƙara rami ɗaya. Bayan wata guda, wani ramin. Mai Hon ya fara jiran shirun nan kamar mai jiran baƙo. Duk ranar da ya taka birki bai ji komai ba, sai ya shigo gareji yana ƙoƙarin ɓoye murmushi, ya ce, "Baba, ta sake lalacewa." Dattijon ya ɗauki alli ya ja layi a bangon gareji, sannan ya durƙusa ya matsar da kujera.

A layi na biyar gwiwoyinsa suka fara gugar allon mota, yana tuƙi a takure kamar wanda aka cusa a kwali. A na shida Baba Sifana ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya miƙe, ya ce ramuka sun ƙare.

Suka mayar da kujerar inda ƙafafunsa za su sake. Da safe, a kwanar makaranta, Mai Hon ya taka birki, ya ɗaga hannun dama, ya dube shi kaɗan, ya danna. Ƙarar ta fito gajeriya, mai kaifi, shi kansa sai da ya firgita.

Mutane sun fito, amma ba da daɗin rai ba. Wata dattijuwa da ke aiki a sashen naɗe sabulu ta hau tana gyara mayafi, ta tsaya a kansa.

"Ɗan nan, wannan hon ɗin ba shi da ladabi. Na da sallama yake yi, wannan kuwa tsawa yake wa mutane."

"Ki yi haƙuri, Inna, hannun sabon shiga ne."

"To ka koya masa," ta ce, ta wuce ta zauna.

Ya koya masa kuwa. Kusan sati biyu, duk lokacin hutun rana, ana jin su a bayan gareji, shi yana dannawa, Baba Sifana yana tsaye a gaban mota da ido a rufe yana cewa a fara a hankali, a ƙara nauyi, a sake. Ba su taɓa samun muryar daidai ba. Ma'aikata suka yi gunaguni na ɗan lokaci, daga baya wasu suka saba, wasu kuma suka sayi agogo.