Layi Arba'in da Ɗaya na Fergus

Shekara shida ina zaune kusa da Fergus Treloar a ofishinmu na birnin Hobart da ke bakin teku, amma in aka tara maganar da ya yi mini da baki, ba za ta cika shafi biyu ba. Manhajar jiragen ruwa muke rubutawa. A aikin dai babu kamarsa. Matsalar da za ta hana mu cin abincin rana, shi yana tauna tuffa zai warware ta. Amma ka ce masa "Ina kwana, Gus," sai ya tsaya yana kallon takalminsa.

Ni ce Noelene, na fi kowa shekaru a ofishin, na kuma fi kowa baki. Ni na fara gano yaron nan ya mutu a kan Tamsin Okely, wadda teburinta taku bakwai ne daga namu. Kullum da hantsi sai ya haɗa shayi kofi biyu, ya nufi wajenta, yana kaiwa gun firinta, na'urar buga takardu, ya yi kwana, ya dawo ya shanye duka biyun. Wata takwas ana wannan abin haushi a gabana!

Sai ga labari, Tamsin ta samu aikin kula da kwamfutocin wani jirgin bincike mai zuwa Antatika, yankin ƙanƙara na can ƙarshen kudancin duniya. Litinin zai tashi, sai bayan wata biyar.

Na ce, "Gus, in ka bar yarinyar nan ta hau jirgi ba ka buɗe baki ba, na rantse sai na canja wurin zama. Na gaji da ajiyar zuciyarka."

Ya ce, "Na rubuta ai. Saura dubawa."

Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba, kuma nan na yi wauta. Mu a sana'armu ba ka sakin abin da ka rubuta sai wani ya bi shi layi-layi ya amince. Za ka tura cikin jerin dubawa, ka zaɓi mai duba maka. In ya yi awa biyu bai taɓa ba, na'ura ta miƙa wa na gaba. Akwai doka ta biyu: ba a sakin sabon aiki ranar Juma'a, don in ya lalace babu mai gyarawa sai Litinin. Duka biyun Fergus ne ya kafa su, kuma ko katin gaisuwa ba ya aika wa babarsa sai na duba.

To ranar Juma'a da ƙarfe tara ya turo mini wasiƙarsa ta cikin jerin. Ni kuwa ina wajen likitan haƙori, baki a wangale. Sha ɗaya da rabi na shigo da kumburarren kunci, na tarar da shi a tsaye yana haɗa gumi.

"Noelene, ba ki duba ba."

"Duba me?"

"Ta wuce wurin na gaba."

"Wa ke gaba?"

Ya nuna bayana da ido. Na waiga, sai ga Tamsin ta ƙura wa kwamfutarta ido, hannu a kan baki.

Na ce, "Goge mana, sakarai!"

"Ba ta goguwa in mai dubawa ya buɗe. Ni na tsara haka."

Na zauna na buɗe. Tabɗi! Layi arba'in da ɗaya, kowanne da lambarsa. Na farko: manufar wannan saƙo. Akwai hasashen yanayi na Asabar. Akwai gargaɗi cewa tsuntsayen teku na iya sace dankali. Layi na ashirin ya ce, "Idan amsar e ce, je layi na talatin. Idan a'a ce, je layi na talatin da biyar." A talatin da biyar ɗin ya ba ta haƙuri, ya yi alkawarin canja hanyarsa ta zuwa kicin har abada. Na yi dariya har haƙorina ya motsa.

Na ƙarshen ne ya kashe mini jiki. "Tamsin, in kin tafi ban san inda zan riƙa kallo ba. Za ki ci kifi da dankali tare da ni a bakin tashar jiragen ruwa kafin Litinin?" Tausayinsa ya kama ni sosai, don na san wahalar da ya sha kafin ya rubuta layin nan.

Muna nan sai kwamfutarsa ta yi ƙara. Sakamako ya dawo da jan rubutu: "An ƙi. A gyara."

Fergus ya fara tattara jakarsa. Na fizge. "Haba, kai da kake wa mutane faɗa ba sa karanta bayanin mai dubawa? Karanta!"

Ya karanta a fili. "Layi na ɗaya zuwa arba'in: a cire, sun yi yawa. Batun tsuntsaye: na iya kare dankalina. Layi na talatin da biyar..." Ya tsaya.

"Ci gaba."

"Ba shi da amfani. Babu hanyar da za ta kai ga wannan layin."

Na ga kunnuwansa sun yi ja. Duk wani mai rubuta manhaja ya san abin da hakan ke nufi: a'a ba ta cikin lissafi. Saura bayani ɗaya, a kan layin ƙarshe: "Wannan yana da kyau, amma ba ya aiki a rubuce. A gwada da baki."

Ya dube ni kamar zai yi kuka. "Amma yau Juma'a ce, Noelene."

Kafin in rufe shi da faɗa, Tamsin ta ɗaga murya daga teburinta. "Ina jin ka fa, Gus. In wani abu ya lalace, ina gari Asabar da Lahadi."

Ya miƙe. Sai kawai na ga ya nufi kicin! Na dafe kai na ce shi ke nan, wannan yaron ba zai gyaru ba. Can sai ga shi da kofi biyu, shayi na tsiyaya a yatsunsa. Ya zo daidai firinta, ya ɗan yi jim. Ofishin nan kaf babu mai taɓa kwamfuta. Ya wuce.

Ya faɗi layin nasa, ya haɗiye rabi, ya ce dankali sau biyu. Tamsin ta karɓi kofin da hannu bibbiyu, ta kurɓa, ta ɗago kai.

"Gobe ƙarfe ɗaya, bakin tasha," in ji ta. "Wata takwas ina jiran shayin nan, Gus."