Kafin Talatin Ga Afrilu

Marlene tana wanke kofuna ta hango shi ta taga, durƙushe a gaban gidansa, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a ƙirji. Da farko ta ɗauka ciyawa yake cirewa. Da ta ga an jima bai ko ɗaga kai ba, sai ta saki kofin cikin ruwa ta fita da silifas, kumfa na ɗiga daga hannunta.

"Leonard, me kake yi a ƙasa?"

"Mutum nake binnewa," in ji shi, yana haki. "Zo ki ɗaga ni, 'yar sa-ido."

Ai kuwa binnewar yake yi. Ya haƙa ɗan rami a gindin allon sayar da gida, ya cusa ɗan mutum-mutumin Waliyyi Yusufu na roba, kai a ƙasa ƙafafu a sama, yadda tsofaffin matan cocinsu suka ce ana yi idan gida ya ƙi sayuwa. Leonard Dombek fa, wanda shekara talatin da ɗaya suna maƙwabtaka tana jin yadda yake yi wa matan nan dariya a kan irin wannan. Ta sa hannu a hamatarsa ta ɗago shi, ta ji ya yi sakayau, leɓɓansa kuma sun yi toka-toka. Ya ce gwiwa ce kawai. Ba ta yarda ba, ta kuma gaya masa ba ta yarda ba.

Wata goma sha huɗu ke nan allon yana tsaye. A layinsu kaɗai, can arewacin birnin Toledo na Amurka, gida shida banki ya karɓe aka toshe tagoginsu da katako, to wa zai sayi gida a nan? Sai bana mutane suka fara leƙowa, don gwamnati ta ce wanda ya sayi gidansa na farko za a yi masa rangwamen haraji na dala dubu takwas, wanda kuma ya shekara biyar a gidansa ya sayi wani, dubu shida da ɗari biyar. Amma fa sai an sa hannu a yarjejeniya kafin talatin ga Afrilu ta wuce. Ranar da ya binne Yusufu saura kwana goma sha ɗaya.

Shi ba kwaɗayin sabon gida ne ya dame shi ba, matarsa Dolores ce. Shekara biyu da suka wuce shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ita, ga gidansu mai bene, ɗakin kwana da banɗaki duk a sama. Daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi. Kullum sai ya je, kullum kuma sai ta tambaye shi yaushe za ta koma gida. Daga baya ya samo wani ɗan gida mara bene a bayan coci. Kuɗin gidansa zai saye shi da ƙyar, rangwamen harajin kuma shi zai yi gangaren katako a bakin ƙofa saboda keken guragunta, ya sa ƙarafan dafawa a banɗaki. Duk wanda ya tsaya gaisawa da shi sai ya sha wannan labarin.

Ran Laraba Marlene ta nemi izini a kicin ɗin makarantar da take aiki, ta tasa shi gaba zuwa wurin likita, yana mita tun daga gida har can. Sun kusa yini ana gwaje-gwaje. Likitan, wani saurayi mai maganar hankali, ya ce jijiyoyi uku na zuciyar sun kusa toshewa, sai an buɗe ƙirji, ya kuma ba da Talata, ashirin da bakwai ga wata. Bayan nan sai kwanciya ta makonni. Leonard ya yi ta gyaɗa kai kamar yaron kirki. Suna fitowa ya tsaya wurin mai ba da rana, Marlene na neman makullin mota a jaka ta ji yana cewa Talatar ba za ta yiwu ba, a mayar shida ga Mayu.

A mota ta buɗe masa wuta. Ta ce masa tsohon banza, ta tambaye shi ko ransa dubu shida ne, ko kuwa yana so Dolores ta zo jana'izarsa a keke. Ya bar ta ta gama, yana kallon gilashi.

"Ba don nawa kuɗin ba ne, Marlene, don nasu ne. Yaran nan da ke zuwa duba gida, kina tsammanin son layinmu ya kawo su? Dubu takwas ɗin nan ce. Ran ɗaya ga Mayu ko kare ba zai leƙo ba. In na kwanta yanzu, a ɗakin can mai warin magani Dolores za ta ƙare."

Ta ce to za ta kira Joanne, 'yarsu da ke can nesa a jihar Arizona. Nan ne ya juyo ya kama hannun rigarta. Ya ce Joanne tana zuwa za ta tumɓuke allon, ta kai shi asibiti, ta kuma nema masa gado a gidan tsofaffin, don tun bara take wannan maganar. Kwana tara kawai yake roƙo. Ya ce ta rantse ba za ta kira ba. Marlene ba ta rantse ba, cewa kawai ta yi "to". Allah sarki, wannan "to" ɗin ita ta hana ta sakat duk makon.

Sau biyu tana danna lambar Joanne ta goge. Tsoro take ji sosai, tana kuma jin haushinsa da ya ɗora mata wannan kaya. Abin da ta ga za ta iya shi ne ta hana shi wahala. Ta ƙwace gwangwanin fenti a hannunsa ta shafe ƙarfen baranda da kanta, ta kwaso kwalaye daga ɗakin ƙasa, shi kuwa yana zaune a kujera yana gyara mata aiki, wai haka ake riƙe burushi a danginsu? Duk ranar da masu duba gida za su zo, sai ta gasa biskit a kicin ɗinsa don gidan ya yi ƙamshi, kamar yadda dillaliyar da ke nema masa mai saye ta ba da shawara. Da sun tafi shi ke cinye biskit ɗin.

Wani saurayi mai raba wasiƙu da matarsa mai ciki suka zo sau uku. Matar tana son bishiyar da ke bayan gida, mijin yana ta ƙwanƙwasa bango kamar ya san wani abu. Suka yi tayi ƙasa da abin da Leonard ya sa. Ya zage su tas a gaban Marlene, ya ce 'yan bana ba su da kunya, washegari da sassafe ya kira dillaliya ya ce ya sallama.

Ran Juma'a talatin ga wata ofishin dillalan ya cika kamar tasha, mutane har a baranda, kowa da takardu a hannu. Wajen ƙarfe huɗu Leonard ya sa hannu sau biyu, ɗaya na sayarwa, ɗaya na saye. Fuskarsa sai ka ce ango. Ya sa ta kai shi wurin Dolores kai tsaye. Marlene ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo ya ɗora takardar a cinyar matarsa, yana nuna mata adireshin da yatsa. Dolores ba ta iya magana sosai, kalmomin a karkace suke fitowa, amma ta tambayi abu ɗaya: kekenta zai shiga banɗakin? Ya ce ran Litinin zai auna ya gaya mata. A hanyar gida Marlene ta ji hankalinta ya ɗan kwanta, har ta ce a ranta ƙila tsohon ne ya yi daidai.

Ran Litinin aka je duba lafiyar sabon gidan. Mai dubawar ya hau rufi da tsaninsa, dillaliya na waje tana waya, Leonard kuwa ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya nufi banɗaki, Marlene na biye da shi. Gidan fanko ne, takunsu har amsawa yake yi. Ya ce ta riƙe bakin tef ɗin, ya sunkuya a hankali ya ja zuwa ɗaya gefen ƙofar, ya kanne ido yana karantawa.

"Inci ashirin da takwas. Kekenta ashirin da shida ne. Rubuta, Marlene."

"Ba ni da biro."

"Ke dai ba ki da amfani."

Ya yi dariya, ya ce bari ya ɗan zauna. Ya zauna a bakin bahon wanka, ya jingina kai da bango, tef ɗin ya kuɓuce ya naɗe kansa da ƙara. Ta kira sunansa sau biyu. Ta yi ihu, mai dubawar ya sauko a guje ya kwantar da shi a ƙasa yana danna masa ƙirji, dillaliya ta kira motar asibiti. Minti bakwai suka yi kafin su iso, suka yi iya ƙoƙarinsu a nan kan tayil ɗin. Saura kwana uku a yi masa aikin.

Joanne ta iso washegari. Maƙwabta suka yi ta shigowa da kwanukan abinci har firij ya ƙi rufuwa. Da yamma, Joanne tana kwashe takardun da ke kan teburin kicin, ta ci karo da takardar likita, ranar farko an soke ta da biro. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗago.

"Anti Marlene, kin sani?"

Marlene ta so ta yi ƙarya, har bakinta ya buɗe. Ta ce ta sani, ita ta kai shi. Joanne ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ninke takardar kawai ta yi ta sa a jaka, ta ce ta gode da biskit da fenti da komai, amma makullin gidan da ke hannun Marlene ta ajiye shi a kan tebur. Marlene ta ajiye ta fita, ta zauna a kicin ɗinta ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun rasuwar mijinta.

Bayan jana'iza komai ya tafi da sauri. Joanne ta sa lauya ya warware cinikin ɗan gidan, don wa zai zauna da Dolores a ciki? Cinikin babban gidan kuwa aka bar shi yadda yake, mai raba wasiƙu da matarsa za su tare a Yuni. Joanne ta koma Arizona, ta ce za ta riƙa kira.

Mako biyu Marlene ta kasa taka gidan tsofaffin. Tana jin kunyar Dolores, tana tsoron a tambaye ta abin da Joanne ta tambaye ta. Ran wata Lahadi bayan coci ta daure ta je. Ta same ta a keke kusa da taga, an taje mata gashi, hannun da ya shanye yana kan cinya. Marlene ta ja kujera ta zauna, ta rasa ta inda za ta fara. Ta yi maganar ruwan sama, ta yi maganar fadan cocinsu da wa'azinsa mai tsawo. Dolores tana kallonta kawai. Can bakinta ya fara motsi, Marlene ta matso da kunne.

"Ya... auna?"

"Ya auna, Dolores. Ina riƙe da ɗaya bakin."

"Zai shiga?"

"Zai shiga. Har da sauran inci biyu."

Dolores ta gyaɗa kai a hankali, sau biyu. Ta ɗora hannunta mai lafiya a kan tayar keken ta tura da iya ƙarfinta. Da yake taya ɗaya ce ta motsa, keken bai yi gaba ba, ya juya rabin zagaye ya tsaya, fuskarta na kallon bango.